Gwiwata tana kumbura, ga gasa ta matso: in faɗa ko in daure?

Malama, ni 'yar wasan alkafura ce, wato jimnastik. Shekaruna 19, kuma tun ina 'yar shekara shida nake wannan wasa har na kai ga shiga tawagar ƙasa. Wata shida ke nan da aka yi mini tiyata a gwiwar dama, bayan jijiyar tsakiyar gwiwa da ake kira ACL ta tsinke lokacin da na dira daga teburin tsalle jikina bai gama murɗawa ba. Yanzu na koma atisaye, kuma saura mako takwas a yi gasar zaɓen waɗanda za su wakilci ƙasa. Kocina yana ganin zan iya. Abin da ban faɗa wa kowa ba shi ne gwiwar tana kumbura duk daren da na yi dira da yawa, ina shan maganin kashe zafi kafin atisaye, na kuma rage cin abinci saboda na ƙara kilo uku lokacin jinya. Ban da wannan, idan na taho a guje zuwa teburin sai ƙafafuna su ƙi, in kauce gefe. Koci ya ce tsoro ne kawai. Ga ƙannen bayana suna ta wuce ni. In daure in shiga gasar, ko in faɗi gaskiya in rasa gurbina?

'Yata, sannu da jiki, Allah ya tashi kafaɗunki. Na karanta wasiƙarki har sau biyu, kuma abin da ya fi damuna a cikinta shi ne yadda kike ɗauke da wannan nauyi ke kaɗai, kina shiga ɗakin atisaye kowace safiya da fara'a alhali kin kwana kina dafe da gwiwa. Ba zan yi miki kwana-kwana ba. Ki faɗi gaskiya a cikin makon nan, ki fara da likitan da ya yi miki aikin da kuma likitan gashin ƙashi, wato mai horar da gaɓoɓi bayan rauni, da ke duba ki, sannan ki sa a ranki cewa wannan gasa, a yadda kika bayyana halin ƙafarki, ba taki ba ce. Na san maganar tana da ɗaci ga wadda ta ba wasa shekaru 13 na rayuwarta, shi ya sa zan warware miki dalilaina dalla-dalla, domin ki yanke hukunci da idonki a buɗe.

Ya kamata ki fara sanin abin da ke cikin gwiwar taki a yanzu. Jijiyar ACL ita ce ke ɗaure ƙashin cinya da ƙashin ƙwauri daga tsakiyar gaɓa, tana hana ƙwaurin zamewa gaba, tana kuma riƙe gwiwa idan jiki ya juya alhali ƙafa tana kafe a ƙasa. Idan ta tsinke, a mafi yawan lokuta likita ba ya ɗinke ta. Yakan yanko wata jijiya daga jikin mutum, ko daga bayan cinya ko daga wajen ƙoƙon gwiwa, ya huda ƙasusuwan biyu, ya zura ta ya ɗaure. Wannan sabuwar jijiya baƙuwa ce a wurin, kuma jiki yana buƙatar lokaci kafin ya mayar da ita 'yar gida: sai hanyoyin jini sun ratsa ta, sai ƙashi ya kama ta a cikin hudar, sai zarenta ya sake tsari ya koma kusa da na wadda ta tsinke. A watannin farko ma ƙarfinta raguwa yake yi kafin ya sake hawa, kuma aikin gaba ɗaya yakan wuce shekara guda. Tabon da ke kan fatarki ya daɗe da warkewa, kina tafiya ba ɗingishi, kina ma iya gudu, shi ya sa duk wanda ya gan ki zai ɗauka kin warke. Can ciki kuwa aikin bai ƙare ba, kuma babu yawan atisaye ko ƙarfin zuciya da zai sa ya yi sauri.

Masana sun auna abin da gaggawa take jawowa a wannan gaɓa. A wani bincike da aka wallafa a 2016, wanda masana daga Oslo da jami'ar Delaware ta Amurka suka yi tare, an bibiyi 'yan wasa sama da 100 tsawon shekara biyu bayan tiyatar, aka gano cewa duk wata guda da mutum ya jinkirta komawa wasa, har zuwa wata na tara, haɗarin sake jin rauni a gwiwar yana raguwa da kusan rabi. Wani nazari na wannan shekarar, wanda ya tattara sakamakon bincike da dama, ya nuna cewa a cikin matasa 'yan ƙasa da shekara 25 da suka koma wasa bayan irin wannan aiki, kusan ɗaya cikin huɗu ya sake tsinka jijiyar, wasu a ƙafar da aka yi wa aiki, wasu kuma a ɗaya ƙafar da ba abin da ya taɓa samunta. Yanzu ki yi lissafi da kanki. Gasar za ta zo a wata na takwas, kuma ba wadda ke shiga gasa sai ta shafe makonni tana dira a kan katifar gasa mai tauri, ma'ana dukan gaske zai faɗa wa gwiwarki tun daga wata na shida da na bakwai. A wasanku kuwa dukan ba ƙarami ba ne, domin idan mutum ya dira daga alkafura biyu a jere, ƙarfin da ke faɗa wa ƙafafunsa yana iya kai ninki goma na nauyin jikinsa, har ya zarce, kuma a cikin ƙiftawar ido.

Kumburin da kike ɓoyewa shi ne shaida mafi muhimmanci da likita yake buƙata. Ruwa ne yake taruwa a cikin gaɓar saboda an ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta. Yau da dare ki zauna ki miƙe ƙafafunki biyu, ki dubi 'yar lotsawar nan da ke gefen ƙoƙon gwiwa ta ɓangaren ciki. A ƙafar hagu za ki gan ta sarai, a ta dama kuwa, idan akwai ruwa, za ki tarar ta cike ta shafe, kuma idan kin lanƙwasa ƙafar za ki ji ta ɗaure kafin diddige ya kai inda na hagu yake kaiwa. Illar wannan ruwa ba ta tsaya a gani ba, domin ko da kaɗan ne, yana sa jiki ya rage wa tsokar gaban cinya ƙarfi, ita kuwa wannan tsoka ita ce ke shanye dukan dira kafin ya isa ga jijiya. Ke nan kumburin yau yana raunana cinyar gobe, cinya mai rauni ta bar wa gaɓa aikin da ba nata ba, gaɓar ta sake kumbura da daddare. Maganin kashe zafin da kike sha kafin atisaye ya ƙara dagula lamarin, domin jiki magayi ne, ke kuma kin toshe masa baki a daidai lokacin da kika fi buƙatar jin abin da zai faɗa. Ki daina shansa domin atisaye daga yau. Idan kuma gwiwar ta taɓa turguɗewa ta sake ki, ko ta maƙale ta ƙi miƙewa, to kada ki jira ƙarshen mako, ki je a duba ki a ranar, domin hakan yana iya nuna matsala a sabuwar jijiyar ko a guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan.

To yaushe za ki koma? Wata tara shi ne mafi ƙarancin abin da likitoci da yawa suke kafawa ga wasanni masu tsalle da juyi, amma cikar watanni kaɗai ba ta wadatar ba, sai an gwada ƙafar ta ci jarrabawa. Akan auna ƙarfin tsokar gaban cinya da na bayanta da na'ura, ana neman ƙafar da aka yi wa aiki ta kai aƙalla kashi 90 cikin 100 na ɗaya ƙafar. Akan sa mutum tsalle da ƙafa ɗaya, sau ɗaya, da sau uku a jere, da kuma na ƙetare layi dama da hagu, a gwada nisan da kowace ƙafa ta kai. Akwai wani tarko a nan da nake so ki sani: ƙafarki mai lafiya ita ma ta yi rauni a watannin jinya, don haka kai kashi 90 nata ba lallai ya zama kin koma yadda kike a da ba, kuma ga wadda ke wasa a matakinki ya dace a nemi fiye da haka. Ki roƙi a ɗauki dirarki a bidiyo ta gaba, a rage masa sauri, ku zauna ku kalla tare da likitan gashi. Abin dubawa shi ne ko gwiwar dama tana faɗawa ciki, ko kina karkata nauyinki kan hagu ba tare da kin sani ba, ko kina sauka da ƙafa a sandare.

Wannan na ƙarshe ya kai ni ga abin da nake ganin shi ne babban aikinki na watannin nan, wato sake koyon dira tun daga tushe. Alƙalai suna rage maki 0.1 a kan ƙaramin taku bayan dira, 0.3 a kan babban taku, cikakken maki ɗaya a kan faɗuwa, kuma wannan ya sa tun kuna yara jikinku ya saba da kafewa ko ta halin ƙaƙa. A atisaye babu alƙali, saboda haka ki lanƙwasa gwiwa da ƙugu sosai, ki yi taku idan taku ya kama, ki mirgina idan mirginawa ta fi aminci. Tsarin komawa yakan fara ne daga ramin soso, wato ramin da aka cika da guntayen soso domin a faɗa ciki, sannan katifa mai laushi a kan ramin, sannan katifa mai ɗan tauri, kafin a zo ga ta gasa; tsalle a miƙe kafin alkafura, alkafura kafin murɗa jiki, murɗawa ɗaya kafin biyu. Ba a ƙara tsayi da tauri da yawa a rana ɗaya, abu guda ake ƙarawa, kuma washegari ce take ba da hukunci: idan gwiwa ta tashi lafiya a ci gaba, idan ta kumbura a koma matakin baya.

Yanzu batun tsoro, wanda na fi so mu daɗe a kansa. Ina iya hango ki a bakin layin nan mai mita 25, kin shafa alli a hannu, kin ɗaga hannu kin tashi a guje, komai yana tafiya daidai har taku uku na ƙarshe, sai ki ji ƙafafunki sun yi sanyi, ki tsinci kanki a gefen teburin kina dafe da shi kina haki, kowa ya yi kamar bai gani ba. Kocinki ya ce tsoro ne kawai, ni kuma ban yarda da kalmar "kawai" ba. Gaskiya ne wanda maciji ya sara idan ya ga tsumma sai ya gudu, kuma wani ɓangare na abin da kike ji ragowar firgicin ranar da kika ji jijiyar ta tsinke ne. Amma wani ɓangaren saƙo ne na gaskiya daga ƙafar da ke kumbura, wadda cinyarta ba ta gama dawowa ba. Jijiyar asali tana ɗauke da 'yan ƙananan jijiyoyin ji da ke sanar da ƙwaƙwalwa inda gwiwa take ba tare da an duba ba, kuma tsinkewarta tana rage wannan ji har sai an sake horar da shi. Wadda za ta juya a sama ta sauka a kan abin da ba ta gani ba tana da hujjar ja da baya idan wannan ji bai cika ba.

Kuma a wasanku shakka a tsakiyar motsi ita ce haɗari mafi girma, domin wadda ta tashi sama da rabin niyya ba ta da inda za ta tsaya. Kin san abin da ya faru da Simone Biles ta Amurka a gasar Olamfik ta Tokyo a Yulin 2021, lokacin da ta yi niyyar murɗawa biyu da rabi a kan teburin tsalle ta ɓace a sama ta yi ɗaya da rabi, sannan ta janye daga sauran wasan tawaga. An yi ta surutu a kanta a lokacin, amma da ta dawo a ranar ƙarshe ta wasannin mata, ta sauya saukarta daga siririn katako zuwa wadda babu murɗawa a ciki, ta ci tagulla, kuma bayan shekara uku ta ci zinare uku a gasar Olamfik ta Faris. Akwai ma'auni mai tambayoyi 12 da likitoci ke amfani da shi, ana kiransa ACL-RSI, domin gane ko zuciyar ɗan wasa ta shirya komawa, kuma wannan kaɗai ya isa ya nuna miki cewa masana sun ɗauki tsoron nan da muhimmanci. Ki nemi a yi miki shi, ki kuma nemi a haɗa ki da masanin halayyar ɗan Adam da ke aiki da 'yan wasa. Sau da yawa tsoron yakan ragu da kansa idan ƙafa ta yi ƙarfi kuma an bi matakai ɗaya bayan ɗaya, domin kowace dira da aka yi lafiya hujja ce da jiki yake karɓa.

Game da kocinki, ban ga dalilin ɗora masa laifi tukuna ba, tunda da rabin labari yake aiki. Yana ganin yarinya tana gudu tana murmushi, bai san da kumburi ba, bai san da magani ba. Ki nemi zama guda da zai haɗa shi da likitan gashi, da wani daga iyayenki idan hakan zai ƙarfafa ki, ki faɗi komai a gabansu lokaci ɗaya, kuma ki roƙi likita ya rubuta abin da aka yarda ki yi da abin da aka hana, domin kada nauyin cewa a'a ya riƙa faɗowa kanki kowace safiya. Idan bayan ya ji duk wannan ya ci gaba da matsa miki, to magana ta sauya, kuma sai ki kai ta ga likitan tawaga ko jami'in da ke kula da lafiyar 'yan wasa a hukumarku. Wasanku yana da tarihi mai nauyi a wannan fanni. An daɗe ana yabon Kerri Strug saboda tsallen da ta yi da rauni a idon sawu a gasar Olamfik ta Atlanta a 1996, alhali lissafi ya nuna daga baya cewa tawagar Amurka za ta ci zinaren ko da ba ta yi shi ba, ita kuwa raunin ya hana ta sauran wasanninta na gasar. Wanda ya fi wannan muni shi ne na Elena Mukhina ta Tarayyar Sobiyet, zakarar duniya ta 1978, wadda ta karye a ƙafa a 1979, aka gaggauta mayar da ita atisaye kafin ta warke, sannan a Yulin 1980, saura kimanin mako biyu a buɗe gasar Olamfik ta Mosko, ta faɗi a kan haɓarta tana gwada wata alkafura mai haɗari, ta karye a wuya tana da shekara 20. Ba ta sake tafiya ba har ta rasu a 2006. Ban kawo labarinta domin in firgita ki ba, na kawo shi ne saboda duk lokacin da na ji an ce wa mai rauni ta daure saboda gasa ta matso, ita nake tunawa.

Na fahimci cewa abin da ke cin ranki a ƙasan duk wannan shi ne ƙannen da ke wuce ki, da tunanin cewa shekara 19 ta yi yawa a yi asarar kakar wasa guda. Wannan tunani na wani zamani ne da ya shuɗe. Biles tana da shekara 27 a Faris a 2024, Rebeca Andrade ta Burazil kuma tana da 25 lokacin da ta ci zinare a wasan dandamali, wato alkafurar da ake yi a kan shimfiɗaɗɗen fili, a wannan gasa, bayan irin jijiyarki ta tsinke mata har sau uku a gwiwa ɗaya, a 2015 da 2017 da 2019. Ki lura da yadda take tattalin ƙafarta: a gasar duniya ta 2021 ta bar wasan dandamali gaba ɗaya, ta yi sauran wasannin uku, ta ci zinare a teburin tsalle. Amma wadda labarinta ya fi kama da naki ita ce Aliya Mustafina ta Rasha, zakarar duniya ta 2010, wadda jijiyarta ta tsinke a gasar Turai ta Afrilun 2011 a wajen dira daga tsalle mai murɗawa biyu da rabi. Ta haƙura da gasar duniya ta wannan shekarar, da ta zo gasar Olamfik ta Landan a 2012 kuma ta yi tsallen da bai kai wancan wuya ba, ta tafi gida da lambobi huɗu, ciki har da zinare a sandunan lilo, wanda ta sake ci a 2016. Sandunan nan su ne ƙofar da ke buɗe a gabanki yanzu, domin idan likita ya amince, kina iya yin aiki mai yawa a kansu a saman ramin soso ba tare da saukar gasa ba, ki ƙara ƙarfin kafaɗa da ciki, ki gyara ƙananan kurakuran da ba a samun lokacinsu a tsakiyar kaka. Ki kuma tambayi hukumarku ko akwai tanadin da aka yi wa wadda ke jinya, domin ki san matsayin gurbinki daga bakin masu shi maimakon ki yi ta zato.

Kilo ukun nan kuwa ki rabu da su. Jikin da ke gina jijiya da tsoka yana buƙatar abinci fiye da kullum, kuma rage ci a wannan lokaci yana jinkirta warkewa, yana raunana ƙashi, yana kuma hana cinyar dawowa, wadda ita ce duk abin da kike jira. Tun 2014 kwamitin Olamfik na duniya ya fitar da matsaya a kan wannan matsala ta ƙarancin kuzari ga 'yan wasa, kuma ɗaya daga cikin alamominta ga mata ita ce ɗaukewar al'ada ko rikicewarta. Idan kin ga hakan a jikinki, ki haɗa da shi a cikin abin da za ki faɗa, domin ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Kafin ki je wurin likitan, ki ɗauki takarda ki rubuta ranakun da gwiwar ta kumbura gwargwadon abin da kika tuna, da abin da kika yi a atisayen kowace rana, da sunan maganin da kike sha da yawansa, da kuma lokacin da kika fara rage abinci. Idan kin shiga kika ji bakinki ya yi nauyi, ki miƙa masa takardar kawai ya karanta. Bayan an yi miki gwajin ƙarfin cinya, ki sake rubuto mini abin da aka samu, ina so in ji.